A Bar wa Mai Gona Kunyarsa

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Hausa a wata sakandare a Birnin Kudu, kuma duk shekara in muka zo darasin karin sauti misali ɗaya nake bayarwa. Sai in rubuta "kunya" a allo sau biyu, in ce ɗaya ta fuska ce, ɗaya ta gona. Ta fuska, wadda ake ji, murya kan sauka a ƙarshenta. Ta gona, tudun ƙasar nan da garma ke tayarwa a yi shuka a kai, murya kan tsaya a sama. A rubuce tagwaye ne, a baki kowace da gidanta. Ɗalibai su kwafa, in tambaye su a jarrabawa, rabinsu su faɗi. Ban taɓa gaya musu cewa malaminsu ma ya faɗi wannan tambayar ba, kuma ba a takarda ya faɗi ba.

Gonarmu ta gado tana Unguwar Ya, a bakin hanya. Jigawa ce mai rairayi, tana gangarawa daga hanyar zuwa wani kwari, irin gangaren da ido ba ya gani, sai dai ruwa. Dawa da gero da wake ake yi a cikinta, kuma ita ke cika rumbun Inna, mahaifiyata. Tun da aka kawo Inna gidan ba ta taɓa cin tuwon awo ba, wato hatsin da aka auno a kasuwa da kwano. Mu a cikin gari kowa awo yake yi, har da ni, kuma ba wanda ya sunkuyar da kai saboda haka. A wurin Inna kuwa, gidan manomin da ya kai ga awo ya zama zaure ba ƙofa. Ba ta fahariya da nata rumbun. In dai ta ji an ce gidan wane sun fara awo, sai ta ce "Allah ya rufa asiri" da muryar da ake yi wa majinyaci sannu.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka alkunya ta shiga tsakaninmu tun kafin in yi wayo. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa ce mini "kai" ba. In na zo daga Birnin Kudu sai ta dubi turmi ta ce, "An zo lafiya?" In an gama girki ta ce, "A ci abinci." In zan tafi ta gaya wa ƙyaure, "A gaishe da mutanen gidan." A nahawu akwai lamirin da ba ya nuna kowa. A cikinsa na yi yarinta, na yi aure, na fara furfura.

Abin da ya dame ni da gonar tun ina saurayi shi ne kunyoyin Baba. Ba ɗaya a cikinsu da ta miƙe. Su taso daga iyakar gabas kamar abin kirki, su lanƙwasa a gindin ɗorawa, su yi ciki, su komo, wasu ma su mutu a tsakiyar gona ba tare da sun kai ko'ina ba. In muka wuce a bas da abokan aikina, akwai malamin lissafi da ba ya rasa cewa, "Ga rubutun ɗan aji ɗaya can." Nakan yi dariya tare da su, amma ba na son ta.

Yadda Baba ke huɗa kuwa ba ya canzawa. Kowace damina yakan fasa kunyar bara gida biyu, rabi ya faɗa kwarin hagu, rabi na dama, sai kwarin bara ya zama kunyar bana. Duk ciyawa da ganye da takin da suka taru a kwarin sai su binne a cikin sabuwar kunya su ruɓe, dawa ta tashi a kansu. Da garmar hannu ya fara. Da ƙarfi ya ja baya sai ƙanensa, Baffa, ya riƙa shigowa da shanunsa biyu, Baba yana gaba, Baffa yana riƙe da garma a baya. Tun da tsohuwar kunya ake fasawa, karkatar bara ita ce ta bana, ta bana kuma ita ce ta baɗi. Ni a lissafina kuskure ne aka yi tun zamanin kakana, aka yi ta gadonsa.

Akwai kuma wani lungu a kusurwar sama, bai fi faɗin tabarma huɗu ba, da Baba ke kira ɗakin baƙo. Kirikiri ne a wurin, ciyawar nan mai rarrafe da ke kafa saiwa a kowace gaɓa. Baba bai taɓa barin garma ta shiga lungun ba. Da rani yakan je da fartanya ya tono saiwoyin, ya kakkaɓe ƙasa, ya shanya su a kan wani falalen dutse rana ta kashe su. Bai taɓa gamawa da baƙon ba, baƙon kuma bai taɓa fita ɗakinsa ba.

Baba ya rasu da rani. Bayan an yi arba'in muka zauna da Baffa a tsakar gida kan maganar gona, wadda yanzu ta faɗo wuyana. Inna tana bayan zana tana tsintar wake.

Na ce, "Baffa, bana tantan zan sa." Haka muke ce wa tarakta.

Ya ce, "To. Shanuna sun yi maka laifi ne?"

"Ba laifi. Zamani ne. A kwana ɗaya za ta kafce, ta baje, ta ja kunya miƙaƙƙiya. Kuma gaskiya, Baffa, kunyoyin nan na Baba abin dariya ne. Kamar maciji ya sha taba."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, gonar nan tana da hali. Ba a shiga mata ta ka."

Na ce ai ƙasa ƙasa ce, kuma abin duk yana cikin littafi. Na ƙara wani misalin a kan karkatar kunyoyin, wanda ya fi na farko ban dariya, don na daɗe ina ajiye da shi. A nan ne muryar Inna ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa, kamar da waken take magana.

"A dai bar wa mai gonar kunyarsa."

Mutum bai daɗe a ƙasa ba, ga ɗansa na fari yana ba'a da aikinsa. Na ɗauka tsawatarwa ce: a rufa wa mamaci asiri, a daina tona abin kunyarsa. Na ce, "A yi haƙuri, Inna. In sha Allahu ba za a ƙara ba." Ban kuwa ƙara ba. Ban sake ambatar karkatar kunyoyin a gaban kowa ba. Na je na yi layin tantan, da niyyar in shafe abin kunyar baki ɗaya, a huta.

Mai tantan ya zo bayan ruwan shuka, mutum ne mai fara'a da hular sanyi a tsakiyar zafi. Ya tsaya a bakin hanya ya auna gonar da ido.

"Malam, dogon layi ko gajere?"

"Wanne ya fi?"

"Dogo mana. Daga hanya zuwa kwari, ɗoɗar. Kwana ita ke shan mai, ita ke cin lokaci, ga mutum bakwai suna jirana."

Na ce a yi dogo. Faya-fayan ƙarfen suka nutse, suka juyo wata jar ƙasa daga can ƙasa wadda ban taɓa sanin muna da ita ba. Da ya kai kusurwar sama na tuna da ɗakin baƙo, na ɗaga hannu, amma kafin in yanke shawarar abin da zan ce har ya ratsa ta ciki ya fito. Ya leƙo ya ce, "Ai na yi maka maganinta, Malam. Na daddatsa ta kamar alayyahu." Kafin la'asar aikin shekara hamsin ya kwanta, an ja sababbin kunyoyi daga hanya zuwa kwari kamar layukan littafin rubutu.

Dole in faɗi gaskiya, farkon abin ya yi kyau. Ƙasa ta yi laushi, shuka ta fito gaba ɗaya, ganye ya yi duhu. Ciyawa ta makara, har noman farko ya zo da sauƙi. Malamin lissafi ya gani ta tagar bas ya ce yanzu gonar ta shiga sakandare. Na yi makonni ina tafiya kamar wanda aka ƙara wa girma.

Sai marka ta kama. Wata Asabar bayan an kwana biyu ana ruwa na je, na tarar da Baffa a bakin gonar da sandarsa.

Ya ce, "Zo ka gaisa da takinka."

Muka gangara. Kowane kwari tsakanin kunya da kunya ya zama ƙaramin rafi, ya share, ya yi fari. A can ƙasa, inda gonarmu ta ƙare, baƙar ƙasa ta taru ta yi kauri a gonar maƙwabcinmu. Na gane ta, don ni na sa aka yi ta kai takin nan da jakai tun rani. Masarar mutumin ta fi ni tsawo.

Baffa ya ce, "Ya ce in yi maka godiya. Ya ce in da hali baɗi a ƙara na awaki."

Muka juyo cikin gonarmu. Ya nuna mini ƙarƙashin dawar da sanda. Ko'ina kirikiri ne, ɗan tsiro nan, ɗan tsiro can, har bakin kwari.

"Yayana ya ajiye baƙo a ɗaki ɗaya shekara da shekaru. Kai ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka raba wa kowane ɗaki. Kowace gaɓa da kake gani uwa ce."

Kakar nan dawa ta ragu, amma akwai sauran ta Baba a gindin rumbu, sai ta rufe giɓin. Na ce ruwa ne ya yi yawa. Aikin koyarwa yana da wannan amfanin: ba ka taɓa rasa bayani.

Damina ta biyu na sake kiran tantan, don a ganina maganin kirikiri shi ne a ƙara datsa shi. Layin masu jiranta ya yi tsawo, ba ta iso gare mu ba sai da damina ta zauna, kuma ranar da ta zo ƙasa jiƙe take sharkaf. Na san ba a shiga jiƙaƙƙiyar gona da nauyi, wannan kam yana cikin littafin. Amma in na ce a bari, sai bayan mako biyu. Ta shiga. Sama ta yi laushi kamar yadda ta saba, ƙasa kuwa, daidai inda faya-fayan ke tsayawa, ta danne ta zama daɓe. Daga baya na tuge wata dawa na duba: saiwar ta sauka kamar taƙi ɗaya, ta ci karo da daɓen, ta baje gefe kamar hannun da aka dafa a tabarma. In an yi ruwa ba ya shiga, sai ya bi layin ɗoɗar ya tafi. Da aka ɗauke ruwa kwana goma sha, dawarmu ce ta fara naɗe ganye a duk yankin. Kwari uku na tsakiya suka haɗe suka zama rami ɗaya mai kai gwiwa. Daga ƙarshe wuta-wuta ta fito, ciyawar nan da ke kama saiwar dawa tana tsotsa, wadda ba ta son kowace gona kamar wadda ta gaji. Furenta kyakkyawa ne ga wanda ba manomi ba.

Ba ina cewa tantan shaiɗan ba ce. Na ga inda ta yi aikin kirki a fadama, a ƙasa mai nauyi da shanu ke shan wuya, kuma da mai tantan ya ja layinsa a gicciye da rabin abin bai faru ba. Tambayata ya yi, na ba shi amsa. Akwai kuma masu sabon yayi da ba sa huɗa sam, su yi feshi ciyawa ta mutu a tsaye, su yi shuka a cikin karan bara. Ƙasarsu tana zama inda take, ba na musu. Sai dai matansu sun daina samun rama da yakuwa da tafasar da ke fitowa da kansu, miya ta koma kasuwa. Kowace hanya da abin da take ci. Abin da ban sani ba shi ne tawa hanyar rumbun Inna take ci.

Kakar nan rumbu bai kai rabi ba. Da bazara ta yi, na lura in na zo ran Asabar ana kawo mini tuwo kamar kullum, amma ita ba na ganin tana ci. Na ɗauka alkunya ce, don dama ba ta ci a gabana. Baffa ne ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Malam, ka san tsohuwar nan ta zama waliyyiya?"

"Kamar yaya, Baffa?"

"Da Litinin da Alhamis take azumi. Yanzu ta ƙara da Talata da Laraba, wai ramuwa take yi. Ni dai na san ta shekara hamsin, ban san ranar da ta sha azumin da take ramawa ba." Ya gyara hularsa. "Ni ke fito mata da dami daga rumbu. Abin da ya rage ba zai ga ruwan shuka ba, balle sabon gero."

Na kwana biyu ina tunani, na fito da dabara irin ta mai ilimi. In na kawo buhu daga kasuwa, awo ne ƙiri-ƙiri. Amma in dawa ce a daminta, ba a sussuka ba, aka zuba a rumbu, wa zai bambanta? Na hau acaɓa zuwa Basirka, inda wani abokin karatuna ya san manomin da ke da ragowar dami. Na zaɓi farfara, farar dawa irin tamu. Na sa aka kawo ranar da Inna ta tafi suna wata unguwa. Na nemi Baffa ya taya ni, ya ce shi ba ya hawa rumbun matar yayansa da kayan wani, amma ba zai hana ni hawa ba, kuma bai ga komai ba. Na tattare riga na hau da kaina, na jera su a ƙasa, na ɗora namu a kai.

Asiri ya yi mako uku. Ranar da namu ya ƙare ina nan, Baffa ya fito da na Basirka ya ajiye a gaban turmi, ya koma gefe yana duban sama kamar mai neman hadari. Inna ta kwance damin. Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta auna ta a tafin hannu. Doguwa ce, cike, ƙwayar ta yi ɓul-ɓul. Tamu ta bara kuwa guntaye ne, rabinsu ƙaiƙayi. Na zaɓi irin daidai, na manta cewa dawa tana ɗauke da labarin ƙasar da ta tashi a kai.

Ta ce wa turmin, "Wannan ba ta sha wahala ba. A gona mai kunya ta tashi."

Wannan karon ba zana tsakaninmu, kuma ba ni da wani misali da nake jiran in faɗa. Na ji kalmar sarai. Muryarta ba ta sauka a ƙarshe ba, a sama ta tsaya. Na koma baya shekara biyu na sake sauraron waccan maganar, na tarar ita ma a sama ta tsaya.

Ta ci gaba, ba tare da ta ɗago ba. "A fitar da ita daga rumbun nan, bai saba da baƙo ba. In awo ne, a sussuke a zuba a buhu kamar na kowa."

Haka aka yi. Na sake hawa na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Aka sussuke, aka zuba a buhu, aka jingine a ɗakinta inda duk matar da ta shigo gaisuwa za ta gani. Daren farko ta tuƙa, ta ci, ta sha ruwa. Ta bar azumin Talata da Laraba. Ba wanda ya ce mata "Allah ya rufa asiri" a gabana, amma unguwa ce, na san an faɗa.

Na sami Baffa yana ba shanunsa harawa.

"Baffa, ran nan da Inna ta ce a bar wa mai gona kunyarsa, wace kunya take nufi?"

"Kai ne malamin Hausa."

"Ka ji na ba ta haƙuri. Me ya sa ba ka gyara mini ba?"

"An taɓa yi wa Bahaushe tafinta da Hausa? Na ce maka gonar tana da hali, ka ce littafi." Ya zuba wa na biyun harawa. "Karkatar nan da kake wa dariya, ba yayana ya zana ta ba. Ruwa ne. Duk inda ruwa ya so gudu, sai a gitta masa kunya ya tsaya ya shiga ƙasa. Waɗanda ka ce sun mutu a tsakiya, nan ne tudun ya juya."

Na ce to bana shanu za su koma. Ya ce shanu suna nan, amma layin fa? Tantan ta shafe shi sau biyu. Na ce ai shi ya yi shekaru yana huɗar.

"Ni ƙeyar yayana nake kallo, da gindin shanu. Tsohuwar kunya ce ke jan garma, ba ni ba. In ka sake ni a filin nan yanzu, abin da zan yi maka sai ya fi na mai tantan muni."

Muka bar maganar a nan, a tsakar gida, da ƙarfi kaɗan fiye da yadda ake bukata, Inna kuwa tana ɗakinta.

Washegarin ruwan shuka muka fita da sassafe, ni da Baffa da shanu, da niyyar mu yi ta lalube. Muna isa muka tarar da Inna a gindin ɗorawa, ta yi ɗamara da mayafi, tana riƙe da kara. Na manta, ko kuwa ban taɓa lissafawa ba, cewa tun da ta manyanta ta bar kulle ita ke bin bayan Baba da ƙwaryar iri. Shi yana sara da sungumi, ita tana zubawa tana rufewa da diddige. Kusan damina ashirin ta taka kowace kunya ta gonar nan daga kai har wutsiya.

Ba ta gaishe mu ba. Ta ce wa ɗorawar, "Daga nan ake farawa."

Aka tsara tafiya: Inna a gaba tana jan kara a ƙasa, ni a bayanta da igiyar shanu, Baffa a baya da garma. Jan igiya ba aikin mai furfura ba ne, kuma bas ɗin safe ya wuce mutanen ciki suna kallona, amma wannan ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce ƙafata ta saba da miƙaƙƙen layi. Inna ta lanƙwasa, ni in yanke kwana, shanu su biyo ni.

Ta ce, "A yi hagu."

Na ja hagu. Baffa ma ya ɗauka da shi ake, ya karkata garma hagu, kunyar ta yi gwiwa.

"A rage."

Na tsaya ina jiran Baffa ya rage, shi yana jirana. Shanu suka tsaya su ma, tun da ba a ambaci kowa ba. Muka koma muka sake. A karo na biyu ni na rage, shi ya ƙara. A na uku garma ta fita daga layi gaba ɗaya ta nufi ramin tsakiya. Lamirin da ya ishe mu shekara hamsin a tsakar gida ya kasa huɗa kunya ɗaya.

Inna ta tsaya. Ta juyo, ta dube ni a fuska, abin da ban tuna ta taɓa yi ba.

"Kai nake wa magana. Ka daina kallon gaba. Ka dubi ƙafata, inda na ɗauke ka sa taka."

Baffa ya yi tari, ya sami abin gyarawa a jikin garma. Na ce, "To, Inna." Na sunkuyar da kai na bi sawunta a jiƙaƙƙen rairayi, ɗan ƙaramin sawu mai faɗin diddige. Ya lanƙwasa a ɗorawa, ya yi ciki, ya komo. A wani wuri ta tsaya cak a tsakiyar gona ta ce nan wannan take mutuwa, Baffa ya ɗaga garma. Kunya biyar ta ja mana a wurare biyar, sauran kuwa kowace ta bi ta kusa da ita. Da muka zo kusurwar sama ta zagaye wurin falalen dutsen nan da karanta, ko da yake yanzu baƙon ya cika gida. Kafin hantsi ya yi zafi ta kakkaɓe zanenta ta kama hanya. Da na koma da azahar tana bakin murhu. Ta ce wa tukunya, "An dawo? A sha ruwa."

Gona ba ta yafiya da wuri. Ramin tsakiya mun cika shi da duwatsu da kara, har yau in ka san wurin za ka ga tabonsa. Daɓen da tantan ta yi sai da ya ɗauki damina uku kafin saiwa ta fara ratsa shi. Kirikiri kuwa yanzu ni ke bin sa da fartanya kowane rani ina shanyawa a dutsen Baba, kuma ban ga alamar zan gama a rayuwata ba. Amma markar shekarar nan na je na tsaya a cikin ruwa na gani da idona: kowane kwari ya riƙe nasa, ya yi shiru, yana sauka a hankali. Maƙwabcinmu na ƙasa ya aiko Baffa ya tambaya ko ya yi mini wani laifi ne.

Inna ta ci daga buhun nan har sabon gero ya nuna. Da kaka abin da aka samu bai cika rumbu ba, ya dai wuce rabi da kaɗan. Ba wanda ya yi lissafi da baki, amma duk wanda ya wuce ta gindin rumbun sai ya ɗaga kai. Rani ya wuce, bazara ta wuce, aka sake huɗa a kan kunyar da ta bari, damina ta yi nisa. Ranar da Baffa ya shiga ya fito da damin ƙarshe, ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba saura sai ɓeraye, a ranar ne na zo da tumun gero na farko daga gona, guda shida a hannu.

Inna ta kwance damin. Zangarniyoyin ba su kai na Basirka ba, ko kusa. Ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu kamar wancan karon, ta juya ta, ta murza 'yan ƙwayoyi ta duba.

Ta ce wa turmin, "Tamu ce."

Ta jawo taɓarya.